Me Ya Haɗa Alli da Ƙwallo? Tarken Taken Jami'ar Kansas

Yau ba kan raba kalma ko tsawon wasali za mu yi magana ba. Za mu leƙa gidan wasu ne can Amurka, amma da mudun gidanmu za mu yi awon.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ranar Laraba bayan an tashi, wani ɗalibina mai son ƙwallon kwando ya tare ni a bakin ƙofar makaranta da waya a hannu. Ya kunna mini bidiyo: dubban mutane cike da wani makeken ɗakin wasa, yawancinsu da shuɗayen riguna, suna jan wasu kalmomi a hankali da kakkaurar murya kamar masu waƙar coci. Can sai suka ɓarke da sauri kamar an tsikare su. Ya ce, "Malam, na duba ƙamus. Kalma ta farko dutse, ta biyu alli. To me ya haɗa alli da ƙwallo? Ko malamansu suke yi wa kirari?" Na dubi hannuna da ya yi fari fat da alli, na ce in da haka ne ai da mun ji daɗi.

Tambayar yaron nan tambaya ce mai kyau, amma ya ɗora ta a inda ba nan nauyin yake ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya ji wannan take tambayar da yake yi ke nan. Abin da nake so in nuna muku shi ne, kalmomin da kowa ke tambayar ma'anarsu kusan fanko ne, sauti aka zuba a ciki. Kalmar da ba wanda ya damu da ita kuwa, ita ce ke ɗauke da tarihi, har da jini.

TAKEN WA NE?

Sunan taken "Rock Chalk, Jayhawk", na Jami'ar Kansas ne da ke garin Lawrence a tsakiyar Amurka. Na kira shi take ne domin aikin take yake yi: gajere ne, ba ya ba da labari, da an ji shi an san mai shi. In an rera kalmomin nan sai a rufe da haruffa biyu na sunan jami'ar a taƙaice, K da U. Shi ke nan, babu ƙari.

An kafa jami'ar a 1865, aka fara karatu a 1866. Ta yi suna a ƙwallon kwando, kuma ta gaji abin ne, domin James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1891, ya koma can a 1898 ya zama mai horar da 'yan wasanta na farko. Ɗakin wasan da kuke gani a bidiyo, Allen Fieldhouse, an buɗe shi a 1955, yana ɗaukar mutum sama da 15,000. Masu bin wasan a cikinku sun san Joel Embiid ɗan Kamaru da Udoka Azubuike haifaffen Legas, to duk a wannan ɗakin suka yi wasa, an kuma rera taken nan a kansu.

Sai dai taken ya girmi wasan kansa. A 1886 aka haife shi, shekara 5 kafin a san wani abu wai shi ƙwallon kwando. Kuma ba a filin wasa aka haife shi ba. Wani farfesan kimiyyar sinadarai ne, E. H. S. Bailey, ya tsara shi domin ƙungiyar kimiyya ta jami'ar. Wato 'yan boko masu tabarau ne suka so su ma su sami abin yin ihu. A zubin farko babu dutse, babu alli. Abin da ke gurbinsu shi ne "rah" sau biyu, guntun kalmar "hurrah", wadda kalmar motsin rai ce kawai, kamar yadda mu za mu ce "yauwa!" ko mata su rangaɗa guɗa. Daga baya aka cire ta aka sa waɗannan kalmomi biyu, taken ya fita daga hannun 'yan kimiyya ya zama na jami'a baki ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: gurbin da dutse da alli suka shiga, gurbin ihu ne tun asali. Wanda ya gaji kujera, aikin kujerar yake yi.

NAHAWUN ABIN

A Turanci, in suna biyu suka haɗu suka ba da harɗaɗɗen suna, na ƙarshe ne shugaba, na farko bayani yake yi. Saboda haka "chalk rock" dutse ne, amma na alli. Mu a Hausa shugaba ne ke shigowa gaba, mahaɗi ya maƙale masa: dutsen alli. Mahaɗin nan -n ko -r shi ke nuna mana wa ke jan wa. Gwada juyawa ka gani. Man gyaɗa daban, gyaɗar mai daban. Zoben azurfa abin sawa ne a yatsa, azurfar zobe kuwa tana wurin maƙeri. Gidan kara ba shi ne karan gida ba.

To masu taken nan juyawa suka yi. Abin da Turanci ya sani shi ne "chalk rock", su kuma suka kifa shi. In da za mu bi nahawu sau da ƙafa, abin da suke rerawa ya tashi daga dutsen alli ya koma allin dutse. Ɗalibina da ya tsaya kan ƙamus, ko da ya haɗa da littafin nahawu, nan zai ƙare: mutum dubu goma sha biyar suna ihu kan allin dutse.

Kuskure ne? A jarrabawa, e, da jan biro zan bi shi. A take kuwa, a'a. Mawaƙanmu ma suna yin haka kullum, su kai abin da ya kamata ya zo gaba baya, su datse kalma ko su ja ta, don kari ya daidaita ko amsa-amo ya zauna. Ba ma cewa ba su iya Hausa ba. Abin da mai tarke zai tambaya shi ne: me aka saya da wannan karya doka? In an karya a banza, laifi ne. In an sami abin da ya fi dokar, gwaninta ce.

Ga abin da aka saya. Harafin l ɗin da ke cikin "chalk" ba a furta shi, kalmar tana fita ne kamar "cok". "Hawk" kuma kamar "hok". Kun ga an sami amsa-amo ke nan: rabin farko ya ƙare da cok, rabi na biyu ya ƙare da hok. Da an bar shi yadda nahawu ke so, da amsar ta yi rauni. Sannan a bakin Amurkawa da yawa wasalin "rock" ma ya yi kusa da na waɗannan biyun, sai ya zama gaɓa uku cikin huɗu suna amsa juna.

Akwai wani abu kuma da kunnen Bahaushe zai fi saurin kamawa. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa in muka aro kalma mai ƙarewa da baƙi sai mu liƙa mata wasali: banki, birki, bokiti. Ina muka fi yarda kalma ta ƙare da baƙi mai tsauri? A amsa-kama. Ɗaya tak. Ya tsaya cak. Fari fat. Sun tafi kaf. Ku faɗi rok, cok, hok da ƙarfi, ku ji ko ba dangin tak da cak ba ne. Kalmomi ne da ke rufe baki gam, kamar an buga guduma. Ban ce Turawan sun san amsa-kamarmu ba, abin da nake cewa shi ne aikin da kalmomin ke yi a kunne iri ɗaya ne: ba bayani suke yi ba, duka suke yi.

Sai yadda ake rera shi. Sau biyu na farko a hankali, ana jan kowace gaɓa, a ƙarshe murya ta gangaro ƙasa. Sau uku na ƙarshe da sauri, a datse. Gaɓoɓin shida ne in an haɗa da haruffan nan biyu, bibbiyu sau uku, kuma duk masu nauyi ne, babu sakayau ko ɗaya. A nan gwanintar take a ganina. Yawancin ihun 'yan kallo da ƙarfi yake farawa, da ƙarfi yake ƙarewa, har ya zama hayaniya. Wannan kuwa da natsuwa yake farawa, irin natsuwar wanda ya san ya riga ya ci. Shi ya sa aka saba jin sa a ƙarshen wasa, lokacin da nasara ta tabbata. In kai ne baƙon da aka lallasa, jan muryar nan ya fi zagi ciwo.

Gwada fassara shi ka gani: dutsen alli, shaho. Ya mutu murus. Ma'anar kalma ta ƙetare, taken ya tsaya a bakin kogi. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba a ƙamus ransa yake ba.

LABARIN DA AKA RATAYA MASA

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, wai an zaɓi kalmomin ne saboda dutsen da jami'ar ke zaune a kai, tudun da ake kira Mount Oread. A nan ma sai an yi hattara. Dutsen tudun nan dutsen farar ƙasa ne mai tauri, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato a yi siminti. Ainihin dutsen alli mai laushi yana can yammacin jihar, ɗaruruwan kilomita daga Lawrence, inda teku ya taɓa kwanciya miliyoyin shekaru da suka wuce. 'Yan uwan juna ne, gaskiya, domin alli ma wani nau'in farar ƙasa ne. Amma ɗan uwa ba shi ne mutum ba. Da masu taken sun damu da sunan dutsen ƙarƙashin ƙafarsu, da wata kalmar suka ɗauka. Ba su ɗauka ba, don ba ta amsa hok. Ni a karatuna, kunne ne ya yi zaɓe, dutse ya zo ya sa hannu a matsayin shaida.

Akwai wasu labaran da ke yawo tare da taken. Ana cewa a jirgin ƙasa aka samo karinsa, lokacin da Bailey da abokansa ke dawowa daga taro a Wichita, daga ƙarar ƙafafun jirgi a kan dogo. Wata ruwayar kuma ta ce a zaman ƙungiyar kimiyyar aka yi shi, babu jirgi a ciki. Kan wanda ya kawo shawarar dutse da alli ma ruwaya biyu ce: wasu su ba wani malamin Turanci, wasu su ba masana duwatsu. Ana kuma cewa shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yabe shi fiye da duk taken jami'o'i, kuma wai a wasannin Olamfik na 1920 shi aka rera wa sarkin Beljiyam da ya nemi jin ihun ɗaliban Amurka.

Ku lura da irin labaran da suka fi yaɗuwa: masu daɗi, masu ƙara wa mai gida girma. Labarin jirgi ya fi labarin zaman ƙungiya daɗin ji, saboda haka shi ne ke gaba. Wannan kirari ne aka yi wa kirari. Ba laifi ba ne magoya baya su so shi, amma ɗalibin harshe bai kamata ya haɗiye shi ba tauna.

Kuma cutar nan muna da ita a gida. Sau nawa aka turo mana a nan cewa kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito, wai wani ne ya hau sa? Sau nawa aka datse sunan gari biyu aka ƙaga masa labarin wani maharbi da ya faɗi kaza? Kamannin sauti ba hujjar asali ba ne. In an kawo maka labarin asalin kalma, tambaya uku za ka yi: wa ya fara faɗa, yaushe, kuma wa ke cin ribar labarin?

KALMAR DA BA A TAMBAYA

Yanzu mu zo inda nauyin yake. Ɗalibina bai tambaye ni "Jayhawk" ba. Ya ga tsuntsu a rigar 'yan wasa, shuɗi da jan kai da ruwan ɗorawar baki, yana murmushi, har da takalmi, ya ɗauka sunan tsuntsu ne.

Babu irin wannan tsuntsu a duniya. Sunaye biyu aka harɗa: "jay", wani shuɗin tsuntsu mai yawan surutu da aka sani da ɓarna a sheƙar 'yan uwansa, da "hawk", wato shaho. Mai kwakwazo da mai fyauce a jiki ɗaya. Kuma kafin ya zama zane a riga, sunan mutane ne masu bindiga.

A 1854 majalisar Amurka ta yi dokar da ta bar wa mazauna yankin Kansas su zaɓa da kansu, ko a yi bauta a yankin ko kada a yi. Sai kowane ɓangare ya fara turo mutanensa. Masu ƙin bauta ne suka kafa garin Lawrence a wannan shekarar. Masu son bauta kuma suna tsallakowa daga jihar Missouri da ke maƙwabtaka. Aka shiga kashe-kashe da ƙone-ƙone na shekaru. 'Yan sari-ka-noƙe na ɓangaren ƙin bauta su ake kira Jayhawkers. Kansas ta zama jiha marar bauta a watan Janairu 1861, bayan 'yan watanni yaƙin basasar Amurka ya ɓarke.

Har zuwa nan labarin mai daɗi ne: mutanen da suka tsaya kan cewa ɗan Adam ba kayan sayarwa ba ne. Kuma gaskiya ne, sun 'yanta bayi. Amma ba a nan ya tsaya ba. A bakin mutanen Missouri kalmar ta zama daidai da ɗan fashi, ɓarawon dawaki, mai ƙona gida. A watan Satumba 1861 dakarun Kansas ƙarƙashin James Lane suka wawashe garin Osceola na Missouri, suka ƙone shi, suka harbe mutum 9. A ranar 21 ga Agusta 1863 kuma William Quantrill ya jagoranci mahara daga Missouri suka faɗa wa Lawrence da asuba, suka kashe maza da samari sama da 150, suka ƙone yawancin garin. Shekara 3 bayan wannan aka buɗe jami'ar a kan tudun da ke kallon garin. Lokacin da Bailey ya tsara takensa, shekara 23 kacal da kisan, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu.

Kun ga ke nan a 1886 kalmar ba wasa ba ce. Daga baya ne aka yi ta goge ta. Wani ɗalibi, Henry Maloy, ya zana tsuntsun da takalmi a 1912, sannan a 1946 Hal Sandy ya zana mai murmushin nan da ake gani yau. Kalmar da ke sa mata su ja 'ya'yansu ɗaka ta koma 'yar tsana da ake saya wa yara.

Amma ba kowa ya manta ba. A 2011, shekara 150 da ƙona Osceola, majalisar garin ta zartar da ƙuduri tana neman jami'ar ta daina amfani da sunan. Jami'ar ba ta daina ba. Ita ma ƙungiyar Jami'ar Missouri, babbar abokiyar hamayyarsu, sunanta Tigers daga wata rundunar tsaron gari ta zamanin yaƙin ya samo asali. Wato yaƙin ya ƙare, sunayen suka koma fili suna buga ƙwallo.

HUKUNCI

A matsayin take, ban ga inda zan rage masa maki ba. Gajere ne, kowa zai iya, kari da amsa-amo sun zauna daram, jan murya da datse ta sun ba shi abin da sauran ba su da shi. Karya dokar nahawu da ya yi, ya biya kuɗinta.

Inda nake da magana shi ne yadda ake ba da labarinsa. An cika mu da dutse da jirgin ƙasa da sarkin Beljiyam, abubuwan da ba sa ɓata wa kowa rai, an bar kalmar da ke da nauyi tana murmushi a riga. Ni ba na cikin masu cewa a soke sunan. Mutanen da ƙin bauta ya kafa garinsu, aka kuma karkashe su a cikinsa, suna da hujjar yin alfahari. Sai dai alfaharin da ya san Lawrence ya manta Osceola rabin tarihi ne. Kirari ɗabi'arsa ke nan, gefe ɗaya yake kallo, ba a taɓa yi wa mutum kirari da ranar da ya yi abin kunya ba. Aikin mai kirari ke nan. Aikin mai nazari shi ne ya zagaya ya ga bayan.

Wannan bai tsaya kan Kansas ba. Ku ɗauki abin da magoya bayan Kano Pillars ke faɗa, "Sai masu gida". Kalma uku, babu aikatau, amma "sai" ɗin nan ita kaɗai ta share kowa ta bar mutum ɗaya a tsaye. Wane ƙamus ne zai ba ka wannan in ka duba "gida"? Haka kirarin garuruwanmu da na sarakunanmu. Muna rera su a biki muna jin daɗi, alhali a cikin wasunsu akwai yaƙi da hari da kamen bayi, kuma jikokin waɗanda aka ci suna zaune kusa da mu a aji ɗaya. Ba cewa na yi a daina ba. Cewa na yi mu san abin da ke bakinmu.

Washegari na sami ɗalibin nan na ba shi amsa a taƙaice. Na ce alli ba ruwansa da ƙwallo, amsa-amo ne ya kawo shi, in yana son ma'ana ya bi tsuntsun. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, kirarin garinmu fa?" Na ce ya je ya tambayi kakarsa, ya rubuto mini yadda ta faɗa, kada ya gyara mata ko kalma ɗaya.

Ku ma aikin da na ba ku ke nan. Kowa ya kawo kirarin garinsu ko taken makarantarsu, ya nuna mana kalmar da sauti ya kawo da kalmar da tarihi ya kawo. Wanda zai ba da labarin asali kuma, ya faɗi wurin wa ya ji. Allah ya ƙara mana fahimta.